An yi ruwa amma gumi ya ƙaru: muhawara kan zafin bazara

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya ce da ni ga masu ilimin abin. Tun muna yara abin da muka sani shi ne ruwa ke kashe zafi, shi ya sa in bazara ta matsa kowa idonsa na gabas yana jiran hadari. To amma shekarun nan, in ruwan farko ya sauka a Kano, sanyinsa na dare ɗaya ne. Washegari da hantsi sai gari ya ɗau wani irin gumi da ya fi na kafin ruwan azaba, riga ta manne a gadon baya, da dare kuma barci ya gagara. Wayata tana nuna 37, alhali a Afrilu ta nuna 42 ban ji jiki haka ba. Wayar ce ke ƙarya ko ni ne tsufa ya kama?

Basakkwace:
Wa alaikumus salam. Ku dai Kanawa akwai raki. 37 har wani zahi ne? Ku taho Sakkwato ga watan huɗu ku ga abin da a ka cewa rana. Mu nan 44 ba ta hana kowa zuwa kasuwa.

Direban Apapa:
Haba mutumin Sakkwato, bari cika baki. Ni hanyata ke nan, daga Illela zuwa Legas da albasa ko shanu. Wallahi na fi son 44 ɗinku a kan 33 ɗin Apapa. A Illela in na samu gindin darbejiya na sha ruwan sanyi, na jiƙa rawani na ɗora a ka, sai barci. In na wanke riga na shanya, kafin in idar da sallah ta bushe. A Legas kuwa ka yi wanka ka fito, kafin ka sa kaya ka sake jiƙewa, rigar da ka shanya da la'asar ka same ta da danshi da asuba. Zufa tana zuba amma ba ta yi maka amfanin komai. Yaran motata 'yan Gwadabawa ne, a rana aka haife su, amma in muka yi zaman jiran lodi a can sai ka ga sun yi laushi.

Basakkwace:
Wanga kuma ciwon baƙunta ne, ba zahi ba.

Malam Labarin Ƙasa:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Baban Ummi, wayarka ba ta yi ƙarya ba, rabin magana ta faɗa maka. Direba kuma ya riga ya ba da amsar da bakinsa inda ya ce zufa tana zuba ba ta amfani.

Jikin mutum yana zaune ne a wajen digiri 37, kuma kullum cikin samar da zafi yake, ko yana kwance. Dole ya fitar da shi. In iskar waje ta fi fata zafi, hanya ɗaya ta rage masa, ita ce zufa. Amma ba fitowar zufa ke sanyaya mutum ba, bushewarta ce. Duk ɗigon da ya zama tururi ya bi iska, da zafin jiki yake tafiya. Wanda ya gangaro ya ɗiga ƙasa kuwa asara ce, an yi rashin ruwa da gishiri a banza. Randa ma haka take sanyaya ruwa: tana tsattsafowa ta jikinta, iska tana busar da shi. Shi ya sa ruwan randa ya fi sanyi a Maris, a Agusta kuwa sai ka ji shi salam.

To iska tana da iyakar tururin da za ta iya ɗauka. In busasshiya ce, da sauri take kwashe zufa. In ta riga ta sha ruwa, ba ta da wurin naka. Masana yanayi suna da jadawalin da ke haɗa zafi da laima, wato tururin ruwan da ke cikin iska, ya fitar da abin da jiki ke ji a inuwa. Digiri 40 da laima kashi 10 cikin 100, jiki zai ji kamar 37. Wannan 40 ɗin dai, in laima ta kai kashi 40, jiki zai ji kamar 48. Lamba ɗaya a waya, tazarar digiri 11 a jiki. Digiri 32 da laima kashi 80, irin na bakin teku, yana kaiwa kusan 45. Kun ga ashe Direba da Basakkwace kowa da gaskiyarsa, sai dai ba abu ɗaya suke aunawa ba.

Baban Ummi:
Allah ya ƙara ilimi Malam. Amma ai tun kafin ruwan ya sauka ake fara wannan gumin. Wajen ƙarshen Afrilu ko ɗigo ba a yi ba, sai ka ji iska ta yi nauyi. Laimar daga ina take zuwa alhali ƙasa a bushe take ƙamas?

Malam Labarin Ƙasa:
Daga teku, tafiyayya ce. Iska biyu ke rabon shekara a ƙasarmu. Ta arewa maso gabas daga Sahara take, busasshiya, ita ke kawo hunturu da ƙura. Ta kudu maso yamma daga tekun Atlantika take, ɗauke da ruwa. Akwai layin da suke haɗuwa, kuma layin nan ba a tsaye yake ba. A Janairu yana can kusa da gaɓar teku, daga nan ya dinga hawowa arewa a hankali, har a Agusta ya wuce Agadas, sannan ya juyo.

Abin lura shi ne, ruwan sama ba a kan layin yake sauka ba, yana biye da shi ne a baya da ɗaruruwan kilomita, inda iskar mai laima ta yi kaurin da za ta haɗa hadari. Saboda haka duk garin da layin ya tsallake sai ya yi makonni a tsaka mai wuya: laima ta iso, gajimare bai rufe rana ba, ruwa bai kankama ba. Rana tana dukan ƙasa kamar yadda take yi a Afrilu, zufa kuma ta daina bushewa. A Kano wannan yakan faɗo daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, a Damagaram da Tawa ya ɗan yi jinkiri. In layin zai koma kudu ma ana maimaita ƙaramin irinsa, shi ne agazarin da ake yi a Oktoba lokacin girbi.

Ga kuma dare. Tururin ruwa yana tare zafin da ƙasa ke fitarwa bayan faɗuwar rana. A busasshiyar iska, ko an yi 41 da rana, kafin asuba sai ka ja mayafi. Da laima ta shigo, dare sai ya tsaya wajen 30 ya ƙi sauka.

Ƙanwarku a Ingila:
Salam yayyena. Malam, in ƙara kaɗan a kan tambayar farko, ta ruwan da ake yi gumi ya biyo baya. A 2025 masu bincike na jami'ar Leeds sun fitar da wani aiki a kan wannan daidai. Sun duba bayanan ruwan sama na kullum a ƙasashe masu zafi, suka gwada da ranakun da aka yi matsanancin zafi mai laima. Abin da suka gani ya rabu biyu.

A busassun wurare irin namu na Sahel, zafi mai laima yakan zo ne tare da ruwa ko jim kaɗan bayansa. Ruwa ya jiƙa ƙasa, gari ya waye sararin sama tas, rana ta daki jiƙaƙƙiyar ƙasa, ruwan ya tashi ya cika iskar da muke shaƙa. A wurare masu yawan ruwa kuwa, irin kurmin kudu, akasin haka ne. Can ƙasa kullum a jiƙe take, laima ba ta yankewa, abin da ke kare su gajimare ne. In ruwa ya ɗauke na 'yan kwanaki, gajimare ya yaye, sai rana ta samu hanya, zafin ya tashi.

Wato mu ruwa ne ke kunna mana shi, su kuma ɗaukewar ruwa. Amfanin sanin wannan shi ne ana iya ganin inda ruwa ya sauka da inda ƙasa ta jiƙe ta tauraron ɗan'adam, don haka ana iya yi wa mutane gargaɗi tun kafin gumin ya sauka. Yaya Baban Ummi, ba tsufa ba ne, ka kwantar da hankalinka.

Baban Ummi:
Alhamdu lillahi. Bari in nuna wa uwargida wannan.

Alhaji Dattijo:
Na karanta duka. Ni dai ban ga sabon abu a nan ba. Gumin bazara tun kaka da kakanni ake yinsa, da shi ma manoma ke gane damina ta kusa su fara gyaran gona. Na ga farin 1973, na ga na 1984, lokacin ba a san wannan sauyin yanayin da kuke ta faɗa ba, kuma an sha rana har dabbobi suka ƙare. Abin da ya canja ku ne. Mun tashi a soron ƙasa mai kaurin bango, muna kwana a tsakar gida. Ku kun shige akwatin siminti da rufin kwano, kun sare itatuwa, kun rufe tagogi don tsoron ɓarayi, in an ɗauke wuta ku ce duniya ta ɗumama. Zafi da sanyi na Allah ne.

Malam Labarin Ƙasa:
Allah ya ƙara girma Baba. Maganar gini da itatuwa ba mai ja da ku, kuma gumin bazara ba yau aka fara ba. Amma ma'aunin zafi ba ya kwana a ɗakin kwano, a fili ake ajiye shi cikin akwati mai iska, kuma shi ma ya nuna ƙari. Duniya ta ɗara zafin da take da shi kafin zamanin masana'antu da fiye da digiri 1, kuma 2024 ce shekara mafi zafi tun da aka fara rubutawa. Duk ƙarin digiri 1 yana ba iska damar ɗaukar ƙarin tururi wajen kashi 7 cikin 100. Teku ya ɗumama, iskar da ke taso mana daga can ta fi ta da ruwa.

Ku tuna ƙarshen azumin 2024. Ranar 3 ga Afrilu garin Kayes a Mali ya kai 48.5. Asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ba da rahoton mutuwar mutum 102 a kwana huɗun farko na watan, alhali a Afrilun 2023 gaba ɗayansa 130 ne. Ƙungiyar masana ta World Weather Attribution ta bi diddigi ta ce ba don ɗumamar da ɗan'adam ya jawo ba, da zafin ranar a Mali da Burkina Faso ya ragu da digiri 1.5, na dare da digiri 2.

Alhaji Dattijo:
To tsaya Malam, ka kama kanka. Tun ɗazu kana cewa laima ce matsala, lamba ba komai ba ce. Yanzu kuma ka kawo mini Kayes da 48.5. Farkon Afrilu a Kayes wace laima ake da ita? Ai busasshiyar rana ce irin ta Sakkwato. Ko laima ke kisa ko rana, zaɓi ɗaya.

Basakkwace:
Baba ya kama Malam da hannu cikin tukunya!

Malam Labarin Ƙasa:
Tambayar ta yi kyau Baba, amma ban ce lamba ba komai ba ce. Hanyoyi biyu ne, kuma ruwa na da hannu a kowacce.

In ƙasa na da danshi, wani kaso na ƙarfin rana yana ƙarewa ne wajen busar da ita, sai lamba ta sauka, laima ta hau. In ƙasa ta bushe ƙurmus, babu abin busarwa, duk ƙarfin ranar sai ya koma gasa iska, lamba ta yi sama. Shi ya sa Sakkwato ke wajen 40 a Afrilu ta dawo wajen 30 a Agusta, alhali ranar Agusta ba ta fi ta Afrilu rauni ba. Turai ta ɗanɗana wannan a 2003. Ruwa ya yi ƙaranci tun kafin lokacin zafinsu, ƙasa ta bushe da wuri, da Agusta ta zo aka yi zafin da ya kashe mutum fiye da 70,000, wajen 15,000 a Faransa kaɗai. Chicago kuwa a Yulin 1995 ta ɗaya hanyar aka bi da ita, laima ce ta haɗu da zafi, mutum fiye da 700 suka mutu cikin 'yan kwanaki.

Busasshen zafi in ya kai 47 ko 48, zufa na bushewa amma jiki ba ya iya samar da ita da saurin da ake bukata, balle tsoho, balle mai azumi. Mu a nan muna shan busasshen a Maris da Afrilu, kafin mu farfaɗo mai laimar ya karɓa a Mayu.

Anti Nas:
Salamu alaikum. Ku bar ni in faɗi abin da muke gani a wurin aiki, don mu ba lamba ake kawo mana ba, mutane ake kawowa.

Wanda zafi ya kayar ba kasafai ake cewa zafi ne ba. Za a ce hawan jininsa ne ya tashi, ko sukari, ko zazzaɓi, ko kawai tsufa. Tsofaffi ba sa zufa kamar matasa, kuma ƙishirwa ba ta kama su da wuri, sai ka tarar Inna ta wuni a ɗaki da kofi ɗaya na ruwa. Jarirai kuma a naɗe su ake yi cikin zani da hula da safa a watan Mayu don tsoron sanyi. Mai jego ga wankan ruwan zafi, ga ɗaki a rufe, wani lokacin har da garwashi. Ban ce a bar al'ada ba, amma a dubi watan da ake ciki.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne daren da Malam ya ambata. Zuciya tana aiki tuƙuru da rana don tura jini zuwa fata, da dare take hutawa. In dare uku ko huɗu suka jeru ba sauƙi, masu rauni sai su fara faɗuwa.

In kun ga mutum a cikin zafi ya fara sambatu, ko ya rikice bai san inda yake ba, ko ya suma jikinsa rau, kada a tsaya tofi kaɗai. A kai shi inuwa, a rage masa kaya, a kwarara masa ruwa a jiki ana fifita, a nufi asibiti ana ci gaba da jiƙa shi a hanya. Wanda ba ya cikin hayyacinsa, kada a ɗura masa ruwa a baki. Wanda yake a farke yana jin jiri da kasala, ruwan gishiri da sukari.

Kuma fanka ba kullum take taimako ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in ɗaki ya wuce digiri 40, fanka zafi take hura wa mutum. A irin wannan sai an jiƙa jiki ko riga tukuna.

Alhaji Dattijo:
Wannan kam gaskiya ne 'yata. Hajjin 2024 ma ai mun ji, Makka ta kai 51.8, hukumomin Saudiyya suka ce mutum 1,301 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Ni musuna a kan dalili ne, ba a kan cewa rana na kisa ba.

Direban Apapa:
Amin. A shekarar dai, watan Fabrairu, ina Legas aka yi wani gumi da ban taɓa ji ba. Lokacin ana gasar ƙwallon Afirka a Kwaddibuwa, har tsayar da wasa ake yi 'yan wasa su sha ruwa. Fabrairu fa, lokacin da ya kamata a ce da sauran hunturu.

Ƙanwarku a Ingila:
Shi ma an yi bincikensa Yaya Direba. Waccan ƙungiyar da Malam ya ambata ta duba gaɓar tekun daga Najeriya har Saliyo. A ma'auni zafin bai kai na arewa ba, amma da aka haɗa da laima, abin da jiki ke ji ya kai wajen 50, kuma sun ce digiri 4 daga ciki ɗumamar duniya ce ta ƙara. Ku kwatanta da 1.5 ɗin Mali. A lissafin abin da jiki ke ji, ƙarin zafi da ƙarin laima ba tarawa suke yi ba, ninka juna suke.

Akwai wani awo da ake yi, a naɗe kan ma'aunin zafi da jiƙaƙƙen ƙyalle a bar iska ta busa shi. Lambar da ya tsaya a kai ita ce iyakar sanyin da bushewar ruwa za ta iya bayarwa a wannan iskar. A 2010 wasu masana suka lissafa cewa in wannan lamba ta kai 35, ko lafiyayyen mutum a inuwa da ruwan sha a gabansa ba zai jure fiye da 'yan sa'o'i ba, don fata ma wajen 35 take. Daga baya jami'ar Penn State a Amurka ta gwada matasa masu lafiya a ɗakin gwaji, ta ga tun wajen 31 jikinsu ke kasa riƙe zafinsa. Matasa ke nan da ba sa wani aikin ƙarfi, ba mai huɗa ko mai dakon buhu ba.

Ɗan Damagaram:
Sannunku da muhawara. Yanzu na gane wani abu. Nan wajenmu mutane da yawa suna da fankar nan mai ruwa, wadda ake zuba wa ruwa tana jiƙa ciyawar bayanta. A Maris da Afrilu kamar ka shiga wata ƙasa. Da iskar damina ta fara kaɗawa sai ta zama ba ta da amfani, ɗaki ya yi ɗumi ya yi nauyi, mutane su yi ta kai wa mai gyara suna cewa ta lalace. Ashe lafiyarta lau.

Maganar itatuwa da Baba ya yi kuma, ku zo ku ga karkarar Maraɗi da Damagaram. Tun shekarun 1980 manoma suka koma barin kututturen da ya tofo a gona suna yi masa sassabe maimakon tumɓukewa, yanzu ana maganar hekta wajen miliyan 5 da suka farfaɗo. Gawo ya fi yawa a wajenmu, kuma shi da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. Lokacin da aka fi bukatar inuwa, lokacin yake da ita.

Malam Labarin Ƙasa:
Fankar nan lafiyarta lau, kuma in ka ci gaba da kunna ta a rufaffen ɗaki a Mayu, laima kake ƙara wa kanka. A lokacin fanka zalla da buɗaɗɗiyar taga sun fi. Haka tukunya cikin tukunya da marigayi Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa, wadda ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000: yashi mai ruwa tsakanin tukwane biyu, tumatir da yalo su yi kwanaki ba su lalace ba. A busasshiyar iska take aiki. Kai ta Fatakwal ka ga ko za ta yi.

Manomin Kadawa:
To ni ga tawa. Muna noman rani da ruwan Tiga, shinkafa da tumatir. In ka baro cikin Kano a Afrilu ka shigo wajen Kura, iska tana canjawa, kowa ya san wannan, ta fi sanyi. Amma mu da ke duƙe a cikin fadamar shinkafa da tsakar rana mun san wani abu daban. Tururi ke tasowa daga ruwan ya dake ka a fuska, iska ba ta ratsa shukar. 'Yan ƙwadago da yawa sun fi son su fara da asuba su tashi kafin azahar, ko an ƙara musu kuɗi ba sa yarda su zarce. To ban-ruwa rage zafi yake ko ƙarawa?

Ƙanwarku a Ingila:
Duka biyun Baba. An yi nazarin wannan sosai a kwarin Indus da Ganges, a Pakistan da Indiya, inda ban-ruwa ya mamaye ƙasa. Lambar ma'auni tana sauka, laima tana hawa. Mai wucewa a kan babur riba ya samu, don iska na kaɗa shi. Wanda ke tsaye cikin ruwan yana aiki shi ke biya. 'Yan ƙwadagonku lissafinsu daidai ne.

Alhaji Dattijo:
Saura tambaya ɗaya in bar ku. A zamaninmu kukan rashin ruwa ake. Yanzu ambaliya ake kuka da ita. Madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024 ta cinye Maiduguri, a cikin Satumban dai tsohon masallacin Damagaram ya rushe saboda ruwa. In ruwa ya ƙaru haka, kuma kun ce jiƙaƙƙiyar ƙasa na sauke lamba, ai sai zafi ya ragu. Ya aka yi ruwa ya ƙaru zafi ma ya ƙaru?

Malam Labarin Ƙasa:
Baba, abin dubawa shi ne yadda ruwan ke zuwa. Ruwan Sahel ya farfaɗo daga farin shekarun 1970 da 1980, haka ne, amma da wata siffa ya dawo. Wani bincike da aka buga a 2017, wanda ya bi hotunan tauraron ɗan'adam tun daga 1982, ya nuna manyan hadurran nan masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a Sahel. Sun danganta shi da yadda Sahara ke ƙara zafi fiye da ƙasashen da ke kudu da ita.

Marka ita ke sanyaya gari, a wuni ana yayyafi rana ba ta fito ba, gobe ma haka. Ruwan da zai zuba na wata guda a dare ɗaya ya wuce, rabinsa kwara yake bi ya tafi, washegari rana ta fito a kan abin da ya rage. Tsakanin wannan hadari da na gaba kuma sai a yi kwanaki ana gasuwa cikin laima. Sannan duk yawan ruwan Agusta ba ya hana ƙasa bushewa kafin Maris. Damina wata huɗu ce, ragowar takwas ɗin ba ruwan da ke kare su.

Alhaji Dattijo:
Wannan ta marka na yarda da ita, don na ga raguwarta da idona. Sauran kuma sai na ƙara tunani.

Baban Ummi:
Ni abin da nake roƙo, masu karanta hasashen yanayi a rediyo su dinga faɗin laima da zafin dare, ba lambar rana kaɗai ba. Hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da gargaɗin zafi, amma a intanet da Turanci nake ganinsa, kakata kuwa rediyo take ji. Sauƙin da muka samu dai azumi yana ja baya da kwana goma sha ɗaya duk shekara, ya fara barin bazara yana shiga hunturu.

Magini:
Ni duk bayanin nan inda ya fi shafata shi ne rufi. Kowa yanzu dogon kwano mai launi yake so, baƙi ko ruwan toka mai duhu, wai ya fi kyau a ido. In na ce a sa fari ko a ɗaga silin a bar ƙofofin iska a sama, sai mai gida ya ce zai zama kamar ajin makaranta. Tagogi kuma a bango ɗaya, iska ta shiga ba ta da mafita. A busasshen zafi katangar ƙasa mai kauri ita ce magani, ka rufe da rana ka buɗe da dare. A lokacin gumi kuwa in iska ba ta ratsa ɗaki, ko da me ka gina shi sai an fito waje. Gida ɗaya ake so ya yi aikin nan biyu, masu ba da aiki kuma ba sa son jin ko ɗaya.

Ƙanwarku a Ingila:
Birnin Ahmedabad a Indiya, bayan zafin 2010 ya kashe musu mutum fiye da dubu, sun fito da tsarin tunkarar zafi a 2013, daga baya suka haɗa da shafa wa rufin gidajen talakawa farin fenti. Ba tsada, kuma ɗaki na sauka da 'yan digiri. Ko farar ƙasa aka samu ai za ta yi wani abu.

Magini:
Za ta yi, amma a kan kwano ba ta kai ƙarshen damina, ruwa biyu uku ya wanke ta. Sai dai a shafa a Maris a san cewa baɗi za a sake. Fenti mai mai ya fi daɗewa, in an wanke tsatsar da ƙurar tukuna. Wanda rufinsa ya riga ya yi baƙi kuma ba ya son hawa sama, ya fara da silin, ko na tabarma ne, ya bar rata tsakaninsa da kwanon, ya huda bangon gabas da na yamma daga can sama a sa raga saboda sauro.

Basakkwace:
Magini, turo man lambarka ta akwatin sirri. Ɗakin tsohuwata kwano ne babu silin.